Kayan Kiɗan Gargajiya: Namu na Nijar da Danginsu a Duniya, Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban lakwal, matasan da ke aiki a situdiyo a nan Yamai, da masu sha'awar al'ada kawai, tambayoyinsu a kan kayan kiɗa kusan iri ɗaya ne. An tattara waɗanda aka fi yi a nan. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma dole a zauna a kansu.

Me ake nufi da kayan kiɗan gargajiya? Tsufa ne ke sa a kira su haka?

Ba tsufa kaɗai ba. Abin kiɗa yana zama na gargajiya idan jama'a ce ta ƙera shi da abin da ke kusa da ita, ta koyar da shi hannu da hannu, kuma yana da aiki a rayuwarta: biki, noma, sarauta, farauta, ibada. A tsibirin Tirinidad akwai gangar ƙarfe da ake yankowa daga duron man fetur. Ba ta wuce shekarun 1930 zuwa 1940 da bayyana ba, amma yau ita ce abin kiɗan ƙasar baki ɗaya. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsarkiya guda, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba na Hausawa ba ne.

Har jita ma ana iya yin muhawara a kanta. Baƙuwa ce, amma Abzinawa sun riƙe ta fiye da shekara 40, sun zuba mata amon tende, kiɗan turmi na matansu. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A ganina, abin da yaro zai tashi ya ƙera da hannunsa don ya ji ana kaɗa shi a garinsu, ya kama hanyar zama ɗan gida.

Yaya masana ke kasa su?

Tsarin da gidajen tarihi suka fi bi shi ne wanda masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka fitar a 1914. Sun duba abin da ke girgiza har sauti ya fito, suka yi gida huɗu: wanda jikinsa ne ke ƙara (ƙwarya, caki, kuge), mai fata (ganga, kalangu, kotso), mai tsarkiya (goge, molo, garaya), da na busa (sarewa, algaita, kakaki). Daga baya aka ƙara gidan masu aiki da lantarki. Mutanen Sin kuwa tun zamanin da sun kasa nasu gida 8 bisa abin da aka yi su da shi: ƙarfe, dutse, siliki, itacen gora, duma, yumɓu, fata da katako.

Bahaushe da mai abin ya fi damuwa. Tambari da kakaki na sarki ne. Kalangu asalinsa na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba da ƴan bori, gangar noma ta masu gayya, shantu na mata. Wannan rabon ya fi gaya maka abin da kake buƙatar sani, domin yana faɗa maka inda za ka ji kiɗan da kuma wanda zai tashi tsaye idan an kaɗa.

Wane ne mafi tsufa da aka tono?

Sarewa. A 2008 an tono wata a kogon Hohle Fels na ƙasar Jamus, ta ƙashin fiffiken ungulu, wadda aka kiyasta shekarunta tsakanin 35,000 da 40,000. A Jiahu ta ƙasar Sin an samu sarewu na ƙashin tsuntsu dangin gauraka masu kimanin shekara 9,000, har da wadda ta busu da aka gwada ta. A Ur ta Iraƙi an tono masu tsarkiya na wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ganga ba ta cika fitowa a wannan lissafi ba saboda itace da fata ruɓewa suke yi a ƙasa, don haka rashin samunta ba hujja ba ce cewa sarewa ta riga ta.

Goge namu ne kaɗai, ko akwai irinsa a wasu ƙasashe?

Danginsa suna da yawa ƙwarai, kuma wannan ce tambayar da amsarta ta fi ba matasa mamaki. A Habasha akwai masinƙo mai tsarkiya ɗaya, wanda maroƙansu ke yawo da shi. Larabawan ƙauye suna da rababa. A Sabiya da maƙwabtanta akwai gusle, shi ma tsarkiya ɗaya ta gashin doki, da shi ake rera waƙoƙin mazan jiya. A Sin akwai erhu mai tsarkiya 2 da fatar mesa. A Mongoliya akwai morin khur mai tsarkiya 2, an sassaƙa kan doki a samansa. Masana da yawa suna ganin dabarar goga tsarkiya da baka ta taso ne daga tsakiyar Asiya, ƙasar mahaya dawaki, ta bi hanyoyin fatauci ta shiga ƙasashen Musulmi, daga can ta watsu zuwa Turai da Afirka. Gogen Turawa mai tsarkiya 4 a Italiya ya ɗauki siffarsa ta yanzu cikin ƙarni na 16, wato shi ma reshe ne na wannan bishiya.

Wanda ya zauna kusa da mai haɗa goge a Adar zai ga abin da littafi ba ya nunawa. Zai juya ƙoƙo a hannu yana ƙwanƙwasa shi da farce, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, sai ya ji amon da yake nema. Fatar guza ko damo a jiƙe ake shimfiɗa ta, a ja ta ko'ina daidai, a kafe, a bar ta ta bushe da kanta. Sai a soka sanda, a tsefe gashin wutsiyar doki a cire karyayyu, a ɗora shi a kan ɗan guntun icen da ke ɗage tsarkiya. Kafin a fara kiɗa sai an shafa ƙaro a gashin, in ba haka ba baka zai zame kawai, ba abin da za a ji. Mai gogen Turai ma haka yake shafa ƙaron icen ƙasarsu.

Ɗan'uwan goge mafi kusa yana nan gida: imzad na Abzinawa. Bambancinsa shi ne mata ke goga shi, maza su rera waƙa ko su yi shiru su saurara. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, da sunan Nijar, Mali da Aljeriya tare. Zabarmawa ma suna da nasu gogen da suke amfani da shi a wasannin holle, wato borinsu.

Da gaske ne kalangu yana magana, ko faɗa ce kawai?

Da gaske ne. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan yaro da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, tashi da saukar murya ne ke raba su. Kalangu yana da fata a baki biyu, da tsarkiyoyi da suka haɗa su. In makaɗi ya matse da hammata fatar ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki ta sauka. Da haka yake bin hawa da saukar zance, da tsawo da gajartar gaɓoɓi.

Sai dai ba kowace magana yake iya isarwa ba. Abin da ake ji shi ne take da kirari, wato jimlolin da kunne ya riga ya sani. Ɗan kokowa a fili yana iya zama shiru ana ta hayaniya, da an kaɗa takensa sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe ya ɗaga hannu yana kirari. Baƙon da ke zaune kusa da shi bai ji komai ba sai ganga. Saboda haka maganar kalangu tana buƙatar mutum biyu masu sani, mai kaɗawa da mai ji, kuma na biyun ne ke ƙarewa a birane.

Yarbawa suna da dundun da gangan, Dagomba na Gana suna da lunga, Wolof na Senegal suna da tama, duk masu tsukakken ƙugu irin kalangu. A kurmin Kwango kuma gungumen ice ake rarakewa ya ba da murya biyu, a aika saƙo daga ƙauye zuwa ƙauye a bakin kogi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi rayuwarsa ta waƙa, kuma duk wanda ya saurara da kyau zai ji makaɗansa suna amsa masa zance, ba rakiya kawai suke yi ba.

Kakaki da algaita fa, daga ina suka zo?

Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su fada, a mulkinsa na 1463 zuwa 1499. Dogon ƙahon ƙarfe irin wannan akwai shi a Maroko, inda ake busa nafir a watan azumi, da Uzbekistan inda ake kiransa karnai, da Habasha. Kusan ko'ina alamar mulki ne ko sanarwar babban al'amari, kamar yadda yake a fadar Damagaram, Agadas, Katsinar Maraɗi ko Tsibirin Gobir ranar hawan salla.

Algaita ƴar gidan gaita ce ta Maroko, da mizmar na Masar, zurna ta Turkiyya, shehnai ta Indiya da suwona ta Sin. Duka suna da ɗan bakin kara mai harshe biyu da ke kaɗawa in iska ta ratsa. Ku lura da kumatun mai algaita: yana tara iska a baki, yana tura ta da kumatu a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. Ƴan asalin arewacin Ostareliya haka suke busa dijeridu. Mutanen Sikotilan kuwa salka suka ɗaura wa tasu algaitar, su cika ta da iska su matse da hammata, ta yi musu aikin kumatu.

Me ya sa duk inda aka duba sai a ga ƙwarya?

Saboda ba ta da nauyi, tana da rami, tana da tauri, kuma a gona take fitowa. Kora ta Mandinko mai tsarkiya 21 babbar ƙwarya ce aka rufe da fatar saniya. Balafon yana da ƴan goruna a ƙarƙashin kowane katako. Sitar ta Indiya gindinta duma ne. Berimbau na Barazil baka ne da ƙoƙo. Gurumi, molo, goge, caki, shantu, duk ƴaƴan duma ne ko suna iya zama.

Inda ba duma, abin da ƙasa ta bayar da shi ake aiki, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dijeridu reshe ne da gara ta riga ta cinye cikinsa. Angklung na Indonesiya itacen gora ne zalla, gamelan nasu kuma tagulla. Duduk na Armeniya daga icen wani ɗan marmari na ƙasarsu ake sassaƙa shi. Wani lokaci kuma dabara ɗaya ce ke ɓulla a wurare biyu masu nisa: naken da makaɗan kotso da taushi ke liƙawa a tsakiyar fata don daidaita amo, mai tabla a Indiya yana da irinsa, baƙin tabo da ake haɗawa da garin ƙarfe da ƙullun shinkafa ko alkama.

Akwai kayan kiɗan Afirka ta Yamma da suka ƙetare zuwa wasu nahiyoyi?

Akwai, kuma hanyar da suka bi mai ɗaci ce, domin cinikin bayi ne ya kai su. Banjo, wanda yau ake ɗauka na Turawan karkarar Amurka ne, bayi ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karebiyan da duma da fata. An buga zanen irinsa daga Jamaika tun 1707. Masu bincike suna nuna kamarsa da akonting na Jola a Senegal da Gambiya, da sauran dangin molo da gurumi. Gangunan bata na Yarbawa suna nan a Kiyuba har yau. A Karolina ta Kudu, bayan tawayen bayi na 1739, dokar 1740 ta hana su riƙe ganga, don iyayengijin sun gane ana kiran juna da ita.

Ta Sahara ma an bi. Gnawa na Maroko da Stambeli na Tunisiya zuriyar mutanen da aka kwasa daga ƙasashenmu ne. Suna kaɗa gimbiri mai tsarkiya 3 da sambani na ƙarfe, suna kiran iskoki, kuma a waƙoƙin Stambeli har yanzu ana tsintar kalmomin Hausa. An sa kiɗan Gnawa cikin jerin UNESCO a 2019, ana yi masa gagarumin biki a Essaouira da baƙi ke zuwa daga ko'ina, alhali mai garaya a nan gida sau da yawa kunyar fitowa da ita yake ji.

Wane kiɗa ne na mata?

A ƙasar Hausa akwai shantu, kiɗan ƙwarya na amada wanda Barmani Coge ta shahara da shi, da luguden turmi. Ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa a doka akwai ta wajen Hausawa da Abzinawa duka. Tende kuwa turmin daka ne: a ɗaure bakinsa da fatar akuya, a sa taɓare biyu a gefe, mata su zauna a kansu don fatar ta ɗaure, a riƙa yayyafa mata ruwa. In an gama a kwance fata, turmi ya koma madafa. Mata na kaɗawa suna tafi, maza na kewaya su a kan raƙuma. Ƴan matan Illighadad, wani ƙauye a yankin Abalak, sun haɗa tende da jita sun kai shi har Turai da Amurka.

Mene ne biram, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa?

Biram abin kiɗan Buduma ne, masuntan tafkin Cadi. Tsarkiyarsa 5, jikinsa kamar kwalekwale, an rufe shi da fata. A wajensu abu ne mai alfarma, ba kowa ke taɓa shi ba. Da tafkin ya ja baya, rayuwar masunta ta sauya, matasa suka daina koya, har aka wayi gari tsoho ɗaya ya rage da ya iya shi sosai, Bukar Tar.

Malam Maman Barka, malamin lakwal kuma gwanin gurumi ɗan Tesker, shi ya je ya zauna wurin tsohon a 2002 da tallafin UNESCO. Ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa, tsohon ya miƙa masa nasa biram ɗin, ba a daɗe ba ya rasu. Maman Barka ya zaga duniya da shi tare da makaɗinsa Umaru Adamu, ya fitar da faifai a 2009, shi ma Allah ya yi masa rasuwa a Yamai a watan Nuwamban 2018.

Ana ambatonsa ne domin ya nuna yadda abin kiɗa ke mutuwa. Icen da fatar suna iya shekara ɗari a bayan gilashi. Abin da ke tafiya shi ne yadda ake ɗaure tsarkiya, yatsan da ke fara taɓawa, waƙar da ake buɗewa da ita, da sunan wanda ake yi wa ita. Ƙasashen da suka gane haka mutum suke rayawa. Japan tun shekarun 1950 take zaɓen gwanayen sana'o'in gargajiya ta ba su matsayi da tallafin shekara-shekara don su koyar da magada. Mu ma muna da tsofaffin masu molo, gurumi da sarewa waɗanda ba su da ɗalibi ko ɗaya, kuma ba kuɗi masu yawa ake buƙata ba kafin a zaunar da yaro kusa da su.

A ina zan ga waɗannan kaya a Yamai ko Tawa?

A Yamai, gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen kayan kiɗa. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, da aka kafa a 1989, tana da tarin kayan kiɗan ƙabilun Nijar, kuma can ne Maman Barka ya yi aiki. In kuwa ji kake so, ka nufi filin kokowa lokacin gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ko ƙofar fada ranar salla, ko taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina. Tawa ce kuma garin Ɗan Gurmu, mawaƙin da aka sa wa gasar kiɗan zamani ta ƙasa sunansa.

Tun da piyano na situdiyo yana da muryar kalangu da goge a ciki, me ya rage?

Da yawa. Piyano an raba muryoyinsa gida 12 daidai wa daida, ba ya iya tsayawa a tsakani. Goge kuwa a tsakanin nan yake rayuwa, yana zamewa daga murya zuwa murya yana bin mawaƙi. Udu na Larabawa ba shi da ƙarafan raba murya a wuyansa saboda wannan dalili. A Jawa da Bali kowane rukunin gamelan da nasa daidaiton murya, ba a ɗauko ƙarfe daga wannan a sa cikin wancan.

Sannan akwai zizar nan da kunnen Afirka ke so: cebar da ke kan garaya, murafun kwalba a jikin mbira ta Zimbabuwe, ɗan tantanin da ake liƙawa a ramin gorunan balafon. Injiniyan da bai saba ba yakan ɗauka datti ne ya share shi, alhali da gangan aka sa. Ba laifi a yi aiki da na'ura, ƙungiyoyi irin su Mamar Kassey da Soga sun nuna ana iya haɗa na da da na yanzu ya yi daɗi. Amma mai situdiyon da ya kira makaɗi na gaske ya biya shi, ya samu amon da ba kowa ke da shi a kwamfuta ba, ya kuma ba ɗan makaɗin dalilin koyon sana'ar ubansa.

Ina son saye. Me zan duba, yaya kuma zan adana?

Ka fara tambayar kanka na ado kake so ko na kiɗa, domin yawancin waɗanda ake jerawa don masu yawon buɗe ido na rataye ne a bango. Na kiɗa, wurin makaɗi ake tambaya, shi zai kai ka ga wanda ke yi masa. Ka duba ƙwarya ko kangon ba tsaga, fata ba huda, tsarkiyoyin kalangu su zama na fata masu laushi da ke amsa matsi.

Da damina fata takan saki, sai a shanya ta ɗan lokaci ko a kanga ta nesa da wuta. Da hunturu da bazara takan ɗaure har ta fashe, don haka kada a bar ta a rana ko cikin mota a rufe. A rataye, kada a ajiye a ƙasa saboda gara da ɓera. Gashin doki ba ya son maiƙon hannu. In za ka fita ƙasar waje da goge, ka sani guza da damo suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido, ana iya tambayarka takarda a filin jirgi, don haka ka nemi bayani a ofishin ma'aikatan daji kafin ranar tafiya, ko ka sa a yi maka da fatar akuya.